Ko Wanda Ya Ci Da Kai Ya Mallaki Ƙuri'arka?

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da wannan karin magana aka yi mana tarbiyya, har ya zama a wurinmu babu laifin da ya kai butulci muni. To, amma 'yan'uwana ɗalibai, akwai tambaya guda da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci: ko jefa ƙuri'a yana cikin irin askin nan da ake bin mutum bashinsa? Domin neman amsa, ina so mu yi tattaki zuwa wani ɗan tsibiri da ake kira Sark.

Shi dai Sark yana cikin tekun da ya raba Ingila da Faransa, kusa da tsibirin Guernsey. Girmansa kimanin murabba'in mil 2 ne, mutanensa kuwa a lokacin da nake magana ba su wuce kimanin 600 ba. Ba a yarda a shiga da mota ba, sai keke da keken doki da tarakta. Yana ƙarƙashin sarautar Ingila, amma yana da majalisarsa ta kansa mai suna Chief Pleas, wadda ke yi masa dokoki. Tun a 1565 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba wani mutum, Helier de Carteret, wannan tsibiri, bisa sharaɗin ya zaunar da maza 40 su tsare shi daga 'yan fashin teku. Aka raba ƙasar kashi 40, duk wanda ya riƙe kashi ɗaya kuwa yana da kujera a majalisa ba tare da zaɓe ba. Daga baya aka ƙara musu wakilai 12 zaɓaɓɓu. Haka aka zauna har zuwa 2008.

Ana nan sai ga waɗansu attajirai tagwaye, David da Frederick Barclay, waɗanda a 1993 suka sayi wani ƙaramin tsibiri maƙwabci mai suna Brecqhou. Daga baya suka zuba dukiya mai yawa a Sark, suka mallaki otal-otal da kantuna, suka ɗauki mutane aiki. Suna kuma cikin waɗanda suka fi matsawa, har da zuwa kotu, a kan lalle a kawar da tsohon tsarin gado. Ranar 10 ga Disamba, 2008, aka yi babban zaɓe na farko. Mutum 57 suka tsaya neman kujeru 28, masu jefa ƙuri'a kuwa 474 ne, watau kusan mutum ɗaya cikin kowane takwas ɗan takara ne. Kusan kashi 90 cikin 100 suka fito. Da aka ƙidaya, akasarin waɗanda attajiran ke goyon baya suka sha ƙasa. Nan da nan aka ba da sanarwar rufe otal-otal da kantunan nan, mutum fiye da 100 suka rasa aiki ana dab da Kirsimeti. Sai a farkon 2009 aka sake buɗewa.

To, wa ya yi laifi? Bari mu fara ba attajiran haƙƙinsu, don kada a ce mun yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Mai goyon bayansu zai ce dukiya tasu ce, babu dokar da ta tilasta wa mutum ya ci gaba da kasuwanci inda yake ganin ba a son sa. Zai ƙara da cewa su ne suka kawo aikin yi, kuma da hannunsu a samuwar zaɓen kansa. Ashe ba butulci ba ne a ci abincin mutum da rana, da dare a juya masa baya? Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba.

Sai dai ina ganin an cuɗa abu biyu da ya kamata a rarrabe. Ma'aikacin otal da ke karɓar albashi ya riga ya biya ladan da guminsa. Ya yi shara, ya dafa abinci, ya yi wanki. Askin da ake bin sa ke nan, ya kuwa yi. Idan akwai saura, to godiya ce da girmamawa da riƙon amana a wurin aiki. Ƙuri'a kuwa ba ta cikin cinikin, domin tun asali ba tasa ba ce shi kaɗai. Wanda ya zaɓa zai yi doka a kan maƙwabcinsa, da tsohuwar da ba ta iya fita, da yaron da shekarunsa ba su kai ba. Ajiya ce aka ba shi. Mutumin kirki kuwa ba ya biyan bashinsa da kayan ajiya, komai yawan alherin da aka yi masa.

Abu na biyu, akwai bambanci tsakanin abin da doka ta yarje wa mutum da abin da ya dace da shi. Mai kanti yana iya rufe kantinsa don ciniki ya mutu, babu mai zargi. Amma in ya rufe washegarin zaɓe, kowa ya san saƙon da ya aika: gobe in za ku zaɓa, ku tuna da tukunyarku. Duk kyautar da ake janyewa ranar da aka saɓa wa mai ita, ashe dā ma farashi ce. Kuma ba a sanin mai son zaɓe na gaskiya ranar da ya ci, sai ranar da ya faɗi.

Akwai wani darasi da ƙanƙantar Sark ta fito da shi fili. A 1872 Ingila ta kafa dokar jefa ƙuri'a a asirce, domin masu gonaki da masu masana'antu su daina razana talakawan da ke ƙarƙashinsu. Asirin akwati yana kare mutum ɗaya, amma ba ya kare ƙaramar al'umma. Ba a san wanda ya zaɓi wane ba, sai dai an san abin da gari ya zaɓa, don haka sai horon ya faɗa kan kowa. Ta yiwu ma cikin waɗanda suka rasa aiki akwai waɗanda suka bi abin da maigidan ke so. Wannan ya nuna cewa inda abincin jama'a ya taru a hannun gida ɗaya, 'yancin zaɓe yana tsaye ne da ƙafa guda.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa mutanen Sark sun zaɓi mafi cancanta. Wannan su ya shafa. Ta yiwu sun yi daidai, ta yiwu sun yi kuskure. Abin da nake cewa shi ne, in ma kuskure ne, nasu ne, kuma suna da damar gyarawa a zaɓe na gaba. Wanda aka hana shi yin kuskurensa ba a ɗauke shi cikakken mutum ba.

A ƙarshe, da yawanmu akwai wanda ya biya mana kuɗin makaranta, ko wanda muke sa ran zai sama mana aiki. Ranar da ya ce ga wanda za mu zaɓa, alhali zuciyarmu na ganin akasin haka, me za mu yi? Ni dai shawarata ita ce mu gaishe shi da ladabi, mu ziyarce shi in ba shi da lafiya, mu taimaki 'ya'yansa in mun samu hali. Wannan shi ne halacci. Amma in mun shiga wurin akwati, mu shiga mu kaɗai. Mai ganin na kauce, shafukan mujallar nan a buɗe suke gare shi.