Bindigar da ba ta taɓa zuwa yaƙi ba

A wani kwari da ake kira Val Trompia, kusa da birnin Brescia a arewacin Italiya, akwai maƙeran da sana'arsu ita ce ƙera sabuwar bindiga mai kama da tsohuwa sak. Kamfanin Uberti ya soma a 1959, lokacin da Amurkawa ke shirin tunawa da cika shekara 100 da yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Bindigogin asali sun yi tsada, kuma wa zai yarda ya ɗura wa kayan tarihi albarushi? Sai aka koma sayen kwafi.

Da yawan masu saye 'yan kwaikwayon yaƙi ne. Su sa kakin sojan wancan zamani, su yi sahu a fili, su harba albarushi babu harsashi. Wanda aka "kashe" ya kwanta, can anjima ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Wasu har biyan maƙeri suke ya goge tambarin Italiya daga jikin bindigar, don kada a gane sabuwa ce. Komai sai ya zama na gaske, har maɓallin riga, ban da abu guda. Harsashin dalma da Enfield ta 1853 ke harbawa, in ya sami ƙashi farfasa shi yake yi, shi ya sa likitocin soja suka yi ta yanke ƙafafu da zarto. Fiye da mutum 600,000 suka mutu. Wannan kam ba mai neman kwafinsa.

Ba za mu yi gaggawar zarginsu ba. Wanda ya gwada ɗura irin wannan bindiga ta baki, hannu na rawa, ya san wani abu game da tsoron soja wanda littafi bai koya masa ba. Mu ma ranar hawan sallah, in 'yan bindiga suka saki wuta, shewa muke yi, ba mu tambayar ƙauyukan da irinta ta tasa a zamanin harin bayi.

Inda muke cijewa shi ne, shekara nawa jini ke yi kafin ya bushe har makami ya zama ado? Kuma wa ke yanke hukuncin ya bushe: mai saye, ko 'ya'yan wanda aka harba? Tuni ake sayar da kwafin MP 40 ta sojojin Hitler. Kamfanin Denix na Sifen kuwa yana ƙera AK-47 wadda ba ta harbi, don a rataye a bangon falo. A ƙauyukan Zamfara, ko inuwarta aka hango daji ake shiga.