Inda “wai” ta faɗi a hanya

Ƴan uwa, akwai tambayar da ke damuna tun babban hutun bara, kuma har yau ban gama da ita ba. In na gaya wa mutum magani da zuciya ɗaya, ya yi aiki da shi, ciwon ya ƙaru, ina da laifi ko ba ni da shi? A gidanmu na Maraɗi tambayar ta same ni, a jikin ƙanena mai shekara tara.

Na iso daga Yamai na tarar yaron yana susa kamar zai yage fatarsa, musamman da dare. Ƙuraje ƙanana sun fito masa tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da kewayen cibiya. Inna ta riga ta shafa masa man kaɗanya, ta dafa ganyen dogon yaro ta yi masa wanka, ba sauƙi. Da daddare muna zaune bisa tabarma sai ta ce: “Kai da ke iniwarsite, mi ka sani ga wanga abu?”

To ni harshe nake karantawa, sautuka da ginin jimla. Abin da na sani game da fata bai fi abin da mai saida goro ya sani ba. Amma wallahi kunya ta hana ni in ce ban sani ba. Sai na tuna wani mutum da na taɓa gani kusa da tasha a Yamai, da ƴan kwalabe jere a tebur, yana cewa ruwan azurfa ne, an ce a Amurka da shi ake kashe kowace irin ƙwayar cuta. Na ce wa Inna: “Wai akwai wani ruwan azurfa, wai yana maganin ƙuraje.” Na kira wani abokina ya saya ya ba direba. Jikka huɗu, ban da kuɗin mota. Ana shafawa safe da maraice, ana ba yaron cokali guda ya sha, yadda mai tebur ya faɗa.

Sati uku muka yi a haka. Susa ta kama ƙannena mata biyu, ta kama Inna, ni ma na fara jin ta a hannu. Wuraren da yaron ya sosa suka zama gyambo, suna fitar da mugunya. Sannan muka kai shi likita. Majo ya buɗa yatsun yaron, ya tambaya ko mutanen gida ma suna susa, ya ce ƙazuwa ce. Bai yi minti biyu ba. Ya rubuta mana ruwan shafawa mai suna benzoate de benzyle, ya ce kowa a gidan sai ya shafa rana ɗaya, har wanda ba ya jin ƙaiƙayi, a wanke tufafi da zannuwan kwanciya da ruwan zafi a shanya su cikin rana. Ya ƙara da maganin gyambon. Kafin hutu ya ƙare gidan ya yi tsit da dare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne tun kafin mu je likita. Wata maƙwabciya ta shigo, jikarta ma na da ƙuraje, sai na ji Inna tana zuba mata ruwan a ƙaramar kwalba tana cewa: “Ɗanmu na iniwarsite ya ce yana magani.” Ku dubi yadda maganar ta yi tafiya. Mai tebur ya ce “an ce”. Ni na ce “wai”. Inna ta ce “ɗanmu ya ce”. A baki na uku shakkar ta faɗi, kuma aka liƙa sunana da sunan makarantata a gurbinta.

A aji mun karanta cewa wasu harsuna suna tilasta wa mai magana ya nuna inda ya samo labarinsa. A Turkanci, in ka ga zuwan mutum da idonka sai ka ce geldi, in kuwa ji ka yi ko alama ka gani sai ka ce gelmiş. Hausa ba ta ɗaure mu haka cikin fi'ili ba, amma ta ba mu kayan aiki: na gani, na gwada, na ji, an ce, wai. Sai dai ta bar mana zaɓi, mu sa ko mu cire. Inda akwai zaɓi kuwa, nan alhaki yake shigowa.

Daga baya na je na karanta mene ne ainihin abin da na saya. Ƙwayoyin azurfa ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, suna yawo cikin ruwa. Gaskiya ne azurfa tana kashe wasu ƙwayoyin cuta a waje. Likitoci na da man ƙuna mai azurfa a ciki, kuma tun wajen 1880 wani likitan Jamus, Credé, ya fara ɗiga ruwan gishirin azurfa a idon jarirai don kare su daga makanta. Wannan ƴar gaskiyar ce masu talla suke hawa a kai. Amma jikin mutum ba ya buƙatar azurfa kamar yadda yake buƙatar ƙarfen jini, kuma in an daɗe ana sha tana taruwa a fata ta mayar da ita shuɗi mai toka-toka, launin da ba ya fita har mutuwa. Wani Ba'amurke, Paul Karason, ya yi shekaru yana sha yana shafawa a fuska saboda ciwon fata, ya zama shuɗi har gidajen talabijin suka riƙa nuna shi, ya rasu a 2013 da launinsa. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba a yarda irin waɗannan kwalabe suna da aminci ko suna warkarwa ba. Wato ƙasar da mai tebur ya jingina da ita, ita ce ta ƙi abin. Ƙari ga haka, shan sa yana iya rage shigar wasu magungunan likita cikin jini.

Ƙanena bai zama shuɗi ba, alhamdu lillahi. Cutar da na yi masa ita ce sati uku. Ƙazuwa wata ƴar halitta ce da ke haƙa rami cikin fata tana zuba ƙwai, kuma kowane dare da muka jira, tana ƙaruwa tana tsallakawa daga tabarma zuwa tabarma. Gyambon da susa ke buɗewa, in wasu ƙwayoyin cuta suka shiga, yana iya taɓa ƙodar yaro. Saboda haka maganar nan da muke yawan yi, “in bai yi magani ba ai ba ya cutarwa”, ba ta tsaya ba. Abin da bai yi kome ba ya ci lokacin abin da zai yi.

Akwai kuma tarkon da ke cikin kalmar “ƙuraje” kanta. Da ita muke kiran ƙurajen zafi, da ƙazuwa, da makero, da borin jini, har da farkon ƙyanda. Suna ɗaya, cututtuka daban. Ƙurajen zafi sukan tafi da kansu in ruwa ya sauka gari ya yi sanyi, kuma duk abin da aka shafa ranar ƙarshe shi ke cin suna. Makero kuwa naman gwari ne na fata, in ka shafa masa mayukan nan na tebur masu kashe ƙaiƙayi, waɗanda wasu ke sa wa don hasken fata, sai ya lafa kwana biyu ya dawo da faɗi. Don haka in mutum ya ce mini “na shafa na warke”, ba ƙarya yake ba. Abin da bai sani ba, ko ciwonsa da nawa abu ɗaya ne. Wanda ya shafa bai warke ba kuwa ba ya yawo yana ba da labari.

Na san abin da wasunku za su ce, don abokina ya faɗa mini: “Kai ma dai, niyyarka ai alheri ce. Kuma talaka ya zai yi? Likita nisa, takardar magani tsada, in ba mu taimaki juna da abin da muka ji ba, wa zai taimake mu?” Rabin maganarsa gaskiya ce. Wanda ke ƙauye mai tafiyar awa uku a amalanke ba za a ce masa ya zauna ya naɗe hannu ba. Kuma ni ban raina maganin gida ba. Man kaɗanya yana tausasa busasshiyar fata. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a likita, asalinsa daga wani tsiro ne da Sinawa suka daɗe da sani, kuma Tu Youyou, matar da ta fitar da shi, ta sami kyautar Nobel a 2015. Sai dai an gwada shi, an auna, an san adadin da ke warkarwa.

Rabin da ban yarda da shi ba shi ne na niyya. In na bincika zuciyata a daren nan, niyya biyu ce a ciki. Ina son yaron ya warke, ina kuma son kada Inna ta ga ɗan da take saida ƙuli-ƙuli don karatunsa ya ce bai sani ba. Ta biyun ce ta yi magana. “Wai” ɗin da na sa ma, don kaina na sa ta, yadda in abu ya ɓaci zan ce ai ni ban tabbatar ba. Alhali na san a gidanmu maganar ɗan lakwal nauyi gare ta, ko da “wai” goma a gabanta. Wanda ya san za a ɗauki maganarsa da nauyi, shi ke da alhakin auna ta kafin ta fita.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta fi ni iya wannan nahawun. In aka kawo mata yaro takan ce: “Wanga na san shi, na yi ma ɗiyana.” Wani lokaci ta duba ta ce: “Wanga ba nawa ba ne, ku tai likita.” Ba ta jin kunyar jimla ta biyu, shi ya sa mutane suka yarda da ta farko.

Ga abin da na ɗaure wa kaina, in wani ya ga da amfani ya ɗauka. In aka tambaye ni magani, zan faɗi daga ina na sani: na gwada a jikina, ko ma'aikacin lafiya ya gaya mini, ko mai saidawa ne ya faɗa. Zan sa wa'adi: in kwana uku ba sauƙi, ko akwai zazzaɓi, ko mugunya, ko wani a gida ya kamu, a tafi likita. Abin sha da ban san abin da ke ciki ba, ba na ba yaro. In ban sani ba kuma zan ce ban sani ba, ko Inna za ta yi mini kallon asarar kuɗin makaranta.

Ranar da muka dawo daga likita na shiga gidan maƙwabciyarmu na gaishe ta, na ce: “Iya, ruwan nan da aka ba ki, ni na kawo shi, kuma ban san shi ba. A bar ba yarinya, a kai ta majo ya gani.” Ta dube ni ta ce: “To, ashe ku ma ba ku sani ba?” Na ce e. Ta tashi ta ɗauko mini kwalbar, saura kaɗan ta ƙare.