Rawar Sitiyari da Hukuncin Al'ada

Direban haya da sitiyari ke karkarwa a hannunsa tsakanin Kano da Zariya, fasinja ya yi magana, shi kuma ya amsa da "Allah dai ya kiyaye," bai faɗi ƙarya ba, kuma addu'arsa mai kyau ce. Abin tambaya shi ne ko ta sauke masa nauyin da ke wuyansa. Ni a ganina ba ta sauke ba, kuma hujjata tana cikin tauhidin da ake karantawa a zaurukanmu. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci gida uku a littafinsa Muƙaddimat: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne alaƙar da ake ganewa tsakanin abu biyu saboda maimaituwa, kamar wuta da ƙuna, tare da imanin cewa Allah ne mai aikatawa. Malaman tauhidi sun kore wa sababi ikon kansa, amma ba su taɓa cewa a yi watsi da tsarin da Allah ya gudanar da halittarsa a kai ba.

Rawar sitiyari kuwa tana bin wannan tsari sau da ƙafa. Idan ta taso ne sa'ad da gudu ya kai wajen kilomita 80 zuwa 110 a awa, galibi nauyin tayar gaba ne bai daidaita ba. Tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 100, kuma ƙarfin fizgar ɓangaren da ya fi nauyi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Shi ya sa mai balansin zai ɗora tayar a na'ura, ya maƙala 'yar dalma mai giram kaɗan a bakin rim, rawar ta kwanta. Idan sai an taka birki take zuwa, faifan birki ake zargi, ya ci ba daidai ba. Idan tun a tafiyar sannu sitiyarin ke lilo dama da hagu, to rim ya lanƙwashe a rami, ko wayoyin cikin taya sun rabu ta yi ƙullutu, irin wanda za ka ji da tafin hannu in ka shafa ta. Akwai kuma tayirod da boljoyin da suka saki, waɗanda bakanike ke ganewa in ya ɗaga mota a jak ya girgiza tayar. Alamar da ke maimaituwa haka, har a iya sanin ciwo daga lokacin zuwanta, ilimi ce da aka ba mai riƙe da sitiyarin, kuma wanda ya sani ba hukuncinsu ɗaya da wanda bai sani ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne direban da ya lura rawar tana lafawa in ya ƙara wuta, sai ya mai da ƙarin gudu magani, alhali laifin na nan a ƙarƙashinsa yana cin taya da ƙarafan ƙafar mota.

Za a ce ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma sabuwar mota ma tana kifewa. Gaskiya ne, sai dai ba a ɗora wa bawa sanin ajali ba, an ɗora masa aikin da ke gabansa. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa komawar ma tana cikin ƙaddara. Mai raƙumi ma dukiyarsa kaɗai zai rasa; direba rayukan mutane ya ɗauko, kuma ba su ba shi izinin yin caca da su ba.

Uzurin da ya fi nauyi shi ne na talauci. Direba na da balas da zai kai wa mai mota kowace yamma, sabuwar taya ta yi tsada, ta gwanjo ake iya saye. Ban raina wannan ba, kuma shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma rabin binciken ba ya cin ko sisi: a ɗaure notocin taya, a duba iska, a kankare busasshen taɓon da ya maƙale a cikin rim, a karanta lambobi huɗu na gefen taya da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Balansin ma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin taya ba. Inda abin ya wuce ƙarfin direba, kamar tayar da ta yi ƙullutu wadda ba ta da gyara sai canji, alhakin ya koma kan mai motar da aka gaya wa ya ce a lallaɓa, da shugabannin tashar da suka ga tayar suka bari aka yi lodi.