Mai Sayar da Gida Yana Sayen Wani: Mudu Nawa Ne a Hannunsa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. 'Yan uwa mazauna Sabo.

A 'yan shekarun nan magidanta da dama daga cikinmu sun shiga wani irin ciniki da iyayenmu ba su cika yi ba. Unguwar nan tun 1916 aka kafa ta a Ibadan. Gidaje sun tsufa, iyali sun ƙaru, ɗakuna kuwa ba su ƙaru ba. Sai mutum ya yanke shawarar ya sayar da gidansa na nan, ya sayi wani a wajen Ojoo ko Moniya inda fili ke da yalwa. Matsalar ita ce kuɗin guda ne. Sai an biya shi na wannan kafin ya iya biyan wancan, kuma in ya saki na hannu bai kama na guje ba, iyali sun rasa wurin kwana. Dole cinikin biyu su tafi tare, a wata ɗaya, wani lokaci ma a mako ɗaya.

Mun sha zama shaidu a irin wannan ciniki, an kuma sha kawo mana ƙararsa a zauren masallaci bayan ya lalace. Abin da muka lura da shi shi ne, mutum ɗaya ne amma bakinsa biyu. Da safe yana can gidan da zai saya, yana ƙwanƙwasa bango, yana leƙa silin, yana tambayar maƙwabta ko ruwa na shigowa da damina, ko rijiyar na ƙafewa da rani, ko akwai wani magajin da bai sa hannu ba. Har ya ce da mai gidan, "Alhaji, don girman Allah kada ka ɓoye mini komai." Da yamma kuma ga shi a nasa gidan, mai saye ya zo dubawa. Tabon yoyon da ke ɗakin uwargida an riga an shafe shi da fenti, an jawo kabad an rufe tsagar bango. In an tambaye shi sai ya ce, "Ai ga shi nan, ka gani da idonka."

To, jama'a, wannan fa ita ce siffar da Suratul Muɗaffifina ta buɗe da gargaɗi a kanta: mutumin da in zai karɓa sai an cika masa mudu, in zai bayar kuwa sai ya tauye. Mu 'yan kasuwa mun ɗauka maganar ta tsaya ga mai awon gero da shinkafa. Gida ma ana auna shi, kuma mudunsa shi ne bayani. Wanda ya nemi cikakken bayani da safe, ya ba da rabi da yamma, mudu biyu yake riƙe da su. Ba shi kuma da uzurin rashin sani, domin tsoron da ke zuciyar mai sayen gidansa shi ne ya hana shi kansa barci a daren jiya.

Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannu cikin tsibin sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai zarge shi don ruwa ya taɓa hatsin ba. Ya zarge shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama yadda mutane za su gani ba. Haka gida yake. Yoyo ba laifinka ba ne, kwano ne ya tsufa. Laifin yana farawa ne ranar da ka zaɓi watan Janairu, lokacin da sama ta ɗauke, ka yi fenti, ka yi shiru. A garin da Ogunpa ta yi ambaliya ta ci rayuka a 1980, aka sake ganin wata ambaliyar a 2011, wanda ya san ruwa na shiga gidansa ya ɓoye, abin da ya taɓa ya wuce kuɗi.

Sai kuma alkawari. Wani bawan Allah ya zo mana ransa a ɓace. Ya ba da kafin alƙalami a wani gida, an yi shaidu, an sa rana. Kafin ranar sai wani ya ƙara a kan tayinsa, mai gidan ya sallama wa wancan. Yana ta faɗin an zalunce shi, kuma gaskiyarsa ce, domin Musulunci ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan uwansa. Sai muka ce, "Malam, shi kuma wanda ya ba ka kafin alƙalami a naka gidan fa?" Ya yi shiru. Ashe dillali ya riga ya kawo masa wani mai ƙari, yana shirin ya yi wa nasa mai sayen daidai abin da aka yi masa, don ya cike giɓi. Kun ga yadda cuta ke tafiya daga hannu zuwa hannu, kowa yana kuka da na gabansa yana cutar na bayansa. Allah ya taimake shi ya tsaya kan maganarsa. Ya miƙa gidan ranar da ya ɗauka, iyalinsa suka yi watanni a gidan haya kafin ya samu wani. Ya sha wuya, ba za mu ce bai sha ba.

Game da kafin alƙalamin nan, mu tuna cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, bai halatta a yi sharaɗin cewa in mai saye ya fasa kuɗinsa sun zama na mai kaya ba. Hambaliyya sun halatta, amma kada mutum ya zama Bamalike ranar da yake neman a mayar masa da nasa, ya koma Bahambale ranar da zai riƙe na wani.

Mun san abin da wani zai ce: "Malam, in na faɗi aibin gidana za a rage kuɗin, kuɗin kuma ba za su isa wancan ba. Shi wanda zan saya a wurinsa ai ba zai faɗa mini nasa ba. Ni kaɗai zan yi gaskiya in yi asara ta gaba da baya?" Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba za mu yi maka alkawarin ba za ka yi asara ba. Ta yiwu ka yi. Amma dubi abin da ka samu in ka yi shiru. Wannan ƙarin ba kuɗin gidanka ba ne, kuɗin rashin sanin ɗan uwanka ne. Da shi za ka cika kuɗin gidan da 'ya'yanka za su ci abinci, su yi salla, su yi karatu a ciki. Hadisi ya nuna cewa gaskiya da bayani su ke sa wa ciniki albarka, ƙarya da ɓoyewa kuma su shafe ta. Cutar da wani zai yi maka gobe ba ta halatta maka cutar wani yau.

Kada kuma mu ce ai mai sayen ba namu ba ne. Kakanninmu sun zauna a garin nan da cinikin shanu da goro, ana ba da kaya bashi da baki kawai, saboda an yarda da maganar mai gida. Wannan sunan gadonmu ne gaba ɗaya. In ka cuci Bayarabe a cinikin gida, ba sunanka kaɗai zai kira ba.

Abin da muke ba da shawara mai sauƙi ne. Ka faɗa wa ɓangarorin biyu halin da kake ciki, cewa kuɗin wannan ne za su biya wancan. A rubuta komai da shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta koyar a sha'anin bashi: nawa, yaushe, wace rana za a miƙa makulli. In kana bukatar wata ɗaya ko biyu kafin ka tashi, ka nema tun kafin a sallama, ko da za ka biya haya. In akwai 'yan haya, a sanar da su da wuri, kada su ji a bakin dillali. A kai takardu wurin lauya, domin tun dokar ƙasa ta 1978 filin gari yana hannun gwamna, kuma mayar da shi ga wani yana bukatar amincewarsa. A guji cinikin biri a sama.

Kafin mai saye ya zo duba gidanka, zauna ka rubuta tambayoyin da ka yi wa mai wancan gidan da safe. Sai ka amsa su ɗaya bayan ɗaya game da naka, ka miƙa masa takardar.

Allah ya tsare mu da haramun, ya sa albarka a gidajenmu, na da da na yanzu.