Da Me Ake Auna Malami?

Tun daga lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya fita daga yaƙin Burmi a 1903, ya ja jama'arsa gabas har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, abin da mutanenmu na wannan ƙasa ta Sudan suka saba tambaya in an ambaci malami shi ne: a wajen wa ya ɗauka, su wa kuma suka ɗauka daga gare shi? Wannan shi ne isnadi. Jami'o'in zamani su ma sun zo da nasu isnadin, amma na hisabi, inda ake ƙidaya sau nawa aka ambaci maƙalar mai bincike cikin rubuce-rubucen takwarorinsa, har wani masani a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙago ma'auni domin haka a 2005. Da shi ake gwada masana ƙwaƙwalwa da masu ƙera na'urorin asibiti, a ɗaukaka wani, a jinkirta wani.

Ban raina wannan ma'auni ba, domin shaidar ma'abota fanni hujja ce. Sai dai yana da makanta. Lokacin da Hans Berger, likitan Jamus, ya fara rubuta motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924, ya bayyana shi a 1929, 'yan'uwansa shakka suka yi, sai a 1934 wani masani mai suna Adrian ya gaskata shi a Ingila. Da an ƙidaya masu ambatonsa a waɗannan shekaru, da an ce bai yi kome ba, alhali kuwa da na'urarsa ake tabbatar da farfaɗiya har yau.

Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya lissafa ilmi cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, sharaɗin da ya gindaya kuwa amfani ne, ba yawan ambato ba. Imamu Gazali kuma ya sanya ɗibbu cikin farillan kifaya, wanda in gari ya rasa mai tsayuwa da shi, laifin ya hau kan kowa. A nan nake tuna Dakta Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda ya rasu a 1970. Da ya lura cewa masu taɓin hankali wurin shehunai ake fara kai su, bai tsaya yana zagin allo da rubutun sha ba, sai ya je ya zauna da shehunan, ya girmama su, ya nemi a haɗa hannu, domin maganin asibiti ya iske majinyaci inda danginsa suka amince su ajiye shi. A ganina wannan zama ya fi maƙala ɗari nauyi a mizani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai kimanin miliyan 50, kuma har zuwa kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani, ga shi kuwa ɗaya daga cikin magungunan, mai araha, yana hannun likitoci tun 1912. Duk da haka, a ƙauyukanmu na Jazira, inda ruwan da ake shayar da gonakin auduga ke renon sauro, zazzaɓi kuma ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, yaro mai farfaɗiya yakan faɗi gefen murhu ya ƙone, a ce iska ce, a hana shi makaranta, a ware masa ƙwarya.

Ya ku 'ya'yanmu da ke karatun likita da ƙere-ƙere a Jami'ar Jazira ta Wad Madani, ku yi bincike, ku wallafa, Allah ya sa a ambace ku. Amma ku komo garinmu Mai Wurno da maganin farfaɗiyar nan da na'urar Berger, ku yi wa iyayen yaron bayani da Hausa.