Ko Tilas Ta Kan Halatta Ƙwace?

Akwai wani wasa na kwamfuta da a ke kira Civilization, wanda waɗansu samarinmu sun iya ƙwarai. Sid Meier da abokin aikinsa Bruce Shelley su ne suka ƙago shi a Amurka, ya fito a shekara ta 1991. Tun daga nan a kan sabunta shi: na biyar ya fito a 2010, na shida a 2016, na bakwai a 2025. A cikinsa mutum ya kan zama sarkin wata al'umma, ya kafa garuruwa, ya nemi ilimi, ya tara mayaƙa. Bi da bi a ke yinsa kamar dara, ka yi naka motsi, sa'an nan sauran sarakuna su yi nasu, su kuwa na'ura ce ke juya su. Har da sarakunan ƙasashenmu aka sa a ciki, gama Askiya na Songhai yana cikin na biyar, Amina ta Zazzau kuma tana cikin na bakwai. Muna so mu duba wata hujja da wasan nan ke sa wa mutum a baki, domin hujja ce da mu ke ji kowace rana a kasuwa da gona da makaranta.

Yadda A Ke Cin Garuruwa

A wasa na biyar da na shida akwai matakan wuya guda 8. Sunan na ƙarshe da Turanci, ma'anarsa abin bauta. A wannan mataki ba a ƙara wa na'ura wayo ba, kaya aka ƙara mata. A na shida, mai wasa ya kan fara da ƙungiya 1 ta masu kafa gari da ƙungiya 1 ta mayaƙa, amma kowane sarki na na'ura yana farawa da 3 na masu kafa gari da 5 na mayaƙa. Aikin garuruwansa kuma an ƙara masa kashi 80 cikin 100. Kafin mai wasa ya kafa garinsa na biyu, maƙwabta sun cika ƙasa.

Sabo da haka gwanaye da yawa su kan ce hanya mafi sauƙi ita ce yaƙi tun da wuri. Su kan tara maharba, su tsai da su bisa tudu ko a ƙetaren kogi, su bar rundunar maƙwabci ta zo ta ƙare a gabansu, gama na'ura ba ta iya jera mayaƙa da kyau ba. Bayan wannan su matsa kusa, su yi ta harbin gari daga nesa har ƙarfinsa ya ƙare, sa'an nan mai doki ko mai takobi ya shiga, tun da ya ke maharbi ba ya cin gari. Su kan yi hanzari kafin a gina ganuwa. Su kan zaɓi maƙwabci mafi kusa, mafi rauni. Wani lokaci su bar shi ya gama manyan gine-gine tukuna, domin su gaji wahalarsa. A na biyar har a kan biya wani sarki zinariya ya faɗa wa wani da yaƙi. Wanda ya kama babban birnin kowane sarki, shi ya ci wasa.

Ko Yin Wasan Laifi Ne?

Kada mu ɗora wa lamirin yara kayan da ba nasu ba. Ba a zub da jinin kowa a cikin kwamfuta. Mai dara yana cin 'ya'yan abokinsa, ba wanda ya taɓa kiransa ɓarawo. Wasan kuma yana koya haƙuri da tanadi da duban gaba. In akwai laifi a fili, shi ne na wanda ya ce saura motsi ɗaya, saura motsi ɗaya, har zakara ya yi cara, aikin gobe kuwa ya lalace.

Amma abin da hannu ya saba yi, zuciya ta kan koyi lissafinsa. Lissafin kuwa shi ne: an fi ni tun daga farko, ba a yi mini adalci ba, sabo da haka tilas ne in ƙwace na wani. Ɗalibin da ya saci amsa a jarrabawa ya kan ce 'ya'yan masu kuɗi sun sami littattafai, shi bai samu ba. Mai awo da ya rage mudu ya kan ce manyan 'yan kasuwa sun danne shi. Manomin da ya ci iyaka ya kan ce rabon gado bai yi masa daidai ba. Bari mu auna wannan hujja da ma'aunin wasan kansa.

Na fari, duba wanda a ke faɗa wa. Mai wasa yana kuka da waɗanda suka fi shi, amma sa'ad da ya tashi yaƙi, mafi rauni ya ke nema. Haka mai awo, ba attajirin da ya danne shi ya ke cuta ba, tsohuwar da ta zo sayen dawa ita ce ke biya. Kukan na neman adalci ne, aikin kuwa na neman dama.

Na biyu, tilas ɗin nan ba gaskiya ba ce, ko a cikin wasa. Akwai hanyoyin nasara ban da yaƙi, watau ilimi, da al'adu, da samun yardar sauran ƙasashe. Gwanayen wasa na biyar sun sha cin mataki na ƙarshe da garuruwa kamar 4 kaɗai, suka kiwata jama'arsu, suka tsare iyakarsu, suka riga kowa harba jirgi zuwa sararin sama. Hanyar tana bukatar haƙuri da lura. Sau da yawa idan mutum ya ce tilas ce, abin da ya ke nufi shi ne, wannan ta fi sauri.

Na uku, wasa yana ɓoye abin da a ke biya. A na biyar, garin da aka ci ya kan rasa rabin mutanensa. Lamba 12 ta koma 6, shi ke nan, ba makoki, ba marayu. Idan kuma yaƙi ya ɓaci, mai wasa ya kan koma wurin da ya ajiye wasansa, ya sake. Napoleon na Faransa, wanda shi ma yana cikin sarakunan wasa na biyar, ya shiga Mosko a watan Satumba na 1812, ya fita a Oktoba, yawancin rundunarsa kuwa ba su koma gida ba. Shi bai sami wurin komawa ya sake ba, iyayen waɗannan samari ma ba su samu ba.

Mu yaba wa masu ƙagen wasan a kan abu ɗaya, ba su bar mai ƙwace ya ci lafiya ba. Garin da aka ci ya kan kawo ɓacin rai cikin ƙasa. Jama'a su kan gaji da yaƙi, aiki ya ragu. A ƙarin da aka yi wa na shida a 2018, gari yana iya tayarwa ya fita daga hannun wanda ya ci shi, a ƙarin 2019 kuma sauran sarakuna suna ƙidaya laifofin mai yaƙi, su riƙe shi da su. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tsaro Fa?

Wani zai ce, to, in zauna har a cinye ni? A'a. Sarkin da ba shi da mayaƙa a wannan mataki ba ya daɗewa, tsare gida kuwa wajibi ne. Amma ga yadda za ka gane tsaro da ƙwace: sa'ad da ka kori maƙiyi daga ƙofarka, ka tsaya, ko ka bi shi har rumbunsa? Wasan ya kan ba da zaɓi, in ka karɓi garin da aka ƙwace wa wani, kana iya mayar wa mai shi. Nan a ke sanin abin da ya kai ka fagen fama.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Ahab, wanda ba shi rasa kome ba, duk da haka ya ƙi cin abinci sabo da gonar inabin Nabot. Shi ma yana da hujja, gonar tana kusa da gidansa. Doka ta goma ta hana ƙyashin abin maƙwabci tun yana cikin zuciya, kafin hannu ya miƙa.

Ya ku iyaye, kada ku tsawata kawai. Ku zauna kusa da yaron, ku tambaye shi dalilin da ya sa ya faɗa wa wannan maƙwabci ya bar wancan, ku ji amsarsa. Ku samari kuma, in kun ci mataki na ƙarshe da takobi, ku sake gwadawa ba tare da kun fara ɗaga wa kowa hannu ba. Ran da kuka ji bakinku yana cewa tilas ce a kan abin wani, ku dakata ku tambayi kanku ko lalle babu wata hanya. Allah ya ba mu zuciya mai wadar zuci.