Wa Ke da Ikon Cewa Tunkiya Ba Ta da Amfani?

Garin Taos yana gindin duwatsun Sangre de Cristo a jihar New Mexico ta Amurka, fiye da mita 2,000 sama da teku. Daga 1984, tsawon shekaru talatin da ɗoriya, duk farkon Oktoba makiyaya da masaƙa da marina sukan kafa rumfuna a filin shaƙatawa na garin domin bikin ulu. Can ana yi wa tunkiya aski a gaban jama'a, nan wata tana kaɗi da mazari, gaba kaɗan ga zaren da aka rina da baba da saiwoyi an rataye shi jere. Mai saye yakan damƙi ulun, ya murza shi, ya tambayi irin tunkiyar da aka aske.

A cikin amsoshin akwai sunan da ke ɗauke da tarihi mai nauyi: Churro. Turawan Sifen ne suka kawo wannan iri yankin a 1598, tare da ayarin Juan de Oñate. Tunkiya ce 'yar siririya mai dogayen ƙafafu, mai jure fari da sanyi, wasu ragunanta ma ƙaho huɗu gare su. Mutanen Navajo, waɗanda ke kiran kansu Diné, suka karɓe ta hannu biyu. A aƙidarsu tumaki kyauta ce daga tsarkakan halittu, saƙa kuma wata da suke kira Uwar Gizo ce ta koya musu. Yawancin garkunan na mata ne, uwa takan ba 'yarta 'yan raguna tun tana ƙarama.

Filin da aka daɗe ana bikin an sa masa sunan Kit Carson, kabarinsa ma yana wurin. Shi ne ya jagoranci sojojin Amurka a 1863 da 1864 suka ƙone gonakin Navajo, suka karkashe tumakinsu, aka sare itatuwansu na marmari a kwazazzabon Canyon de Chelly, har yunwa ta sa suka miƙa wuya. Aka kora mutum sama da 8,000 a ƙafa zuwa sansanin Bosque Redondo, ba su koma gida ba sai bayan yarjejeniyar 1868.

Hukuncin wannan ba shi da wuya. Duk ɗalibin da ya karanta Muwaɗɗa ta Imam Malik ya san wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan sa'ad da ya tura runduna Sham, inda ya hana sare itace mai 'ya'ya, ya kuma hana kashe tunkiya ko raƙumi in ba don ci ba. Ko a fagen fama, dabba tana da alfarma.

Mai wuyar ita ce musiba ta biyu, domin masu kyakkyawar niyya ne suka jawo ta. A 1933 John Collier ya zama kwamishinan harkokin 'yan asalin ƙasar, kuma an san shi da kare al'adunsu. Masana suka nuna masa cewa dabbobi sun fi ƙarfin makiyayar Navajo, fari ya tsananta, ƙasa tana zaizayewa, ana kuma tsoron laka za ta cike sabuwar madatsar ruwa ta Boulder a kogin Colorado. Maganarsu ba ƙarya ba ce gaba ɗaya: ciyawa ta yi ƙaranci da gaske. Sai aka tilasta rage garkuna. An sayi wasu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, an harbe dubbai an bar mushensu yana ruɓa a gaban masu su. Cikin shekaru kaɗan kusan rabin dukiyar ya tafi, kuma talakan da ke da 'yan tumaki ƙalilan shi ya fi jin jiki. A 1935 Navajo suka kaɗa ƙuri'ar ƙin tsarin mulkin kai da Collier ya kawo musu, saboda zafin abin da aka yi wa garkunansu.

Jami'an gwamnati sun daɗe suna ganin Churro koma-baya ce: namanta kaɗan, ulunta bai dace da injin masaƙa ba. Suka riƙa cusa ragunan Merino da Rambouillet don a gyara iri. A ma'aunin masana'anta sun yi daidai. Amma ulun waɗannan gajere ne, cike da maiƙo, sai an kashe ruwa mai yawa kafin ya wanku, a ƙasar da ake tafiya mai nisa neman ruwa. Ulun Churro kuwa dogo ne, maiƙonsa kaɗan, yana kaɗuwa da hannu, yana shan rini, dardumar da aka saƙa da shi takan ga jikoki. Matan da suka san wannan ba su ne aka zauna da su ba.

Nan tambayar take. Ɗan Adam an ba shi dabbobi ya amfana, Suratun Nahl ma ta ambaci ulu da gashi cikin ni'imomin da ake samu daga gare su. Amma riƙon amana aka ba shi, ba mallaka ta har abada ba, kuma mai riƙon amana ba ya halaka abin da ke hannunsa don bai gane amfaninsa ba. Collier yana da ilimi da niyya, abin da ya rasa shi ne yarda cewa awonsa ba shi kaɗai ba ne awo. Ya ƙirga kawuna da ciyawa, bai ƙirga gadon mace ba, ko naman biki, ko yaron da ke koyon haƙuri a bayan garke. Musulunci ya san keɓe makiyaya don maslahar jama'a tun zamanin Sayyidina Umar, wanda ya umarci mai tsaron makiyayar ya bar masu ƙananan garkuna su shiga kafin attajirai. Kare ƙasa halal ne, amma da shawara, da kuma tausayin mai rauni.

Zuwa shekarun 1970 tsantsar Churro ba ta kai 500 ba. A 1977 wani masanin dabbobi, Lyle McNeal, ya fara bin lunguna da kwazazzabai yana neman waɗanda tsofaffi suka riƙe, ya kiwata su, ya mayar wa iyalan Navajo. A 1986 aka kafa ƙungiyar yi wa irin rajista, a 1991 makiyayan Diné suka kafa tasu mai suna Diné be' iiná. Yau ana ƙirga Churro da dubbai, ko da yake har yanzu tana cikin jerin dabbobin gida da masu kare iri a Amurka ke fargabar ɓacewarsu.